Ranar Da Fiyanona Ya Kori Ango

Ba zan taɓa mantawa ba ko da na so, domin mutanen Bagudo ba su da niyyar bari in manta. Har yau in na ratsa tasha sai wani ɗan kabu-kabu ya ɗaga murya ya ce, "Jiniya, ina kwana?" Na gaji da faɗa, na gaji da bayani, yanzu amsawa kawai nake yi.

Ni makaɗin fiyano ne, irin babban nan da in ka danna da hannun hagu zai sako maka ganguna da jita shi kaɗai, kai kuma ka bi waƙa da hannun dama. Wannan kiɗan rakiyar muke kira sitayil. Matsalar ita ce waɗanda suka ƙera na'urar ba su taɓa zuwa biki a Kebbi ba. Akwai kiɗan Turawa a ciki, akwai na Larabawa, amma babu wanda zai tayar da mace daga tabarma a Kaoje. Dole kowane makaɗi ya zauna ya gina nasa, layi bayan layi.

A lokacin ina neman shiga wajen Hajiya Kulu, mawaƙiyar biki da ake ɗauka har ƙetaren iyaka. Makaɗinta ya koma birni, ta ce za ta gwada ni a biki ɗaya, in kiɗana ya yi kyau ni ne nata har ƙarshen kaka. Sharaɗinta guda ne: tana son ta ji kiɗan ƙwarya a ciki, irin wanda mata ke yi a tsakar gida. Na ce mata wannan ai ƙaramin aiki ne (ban taɓa yi ba).

Sai ku ɗan yi haƙuri in yi bayani, don a nan na haƙa wa kaina rami. Layin ganguna biyu ne kacal a na'urar, kuma ba sa canzawa duk inda hannunka ya je. Sauran layukan kuwa bin hannun hagu suke yi, in ka hau su hau, in ka sauka su sauka. Ni kuma na riga na cika layukan ganguna, ban sami ƙwarya ba. Na yi ta lalube cikin zafin shagona, wuya ya ƙage, ido ya yi ja, har na faɗa wani rukunin sautuka na shirme: haushin kare, ƙarar ƙofa, tafi, da sauran tarkace, kowane maɓalli da nasa sautin. A tsakiyarsu na tarar da maɓalli ɗaya mai cewa "dum", sak ƙwaryar da aka kife a ruwa. Don murna na ɗauke shi na cusa a layin jita, tunda nan ne da wuri.

Na yi kwanaki ina saurare ina gyaɗa kai, ina jin babu kamata a ƙasar nan. Duk tsawon kwanakin hannuna na hagu yana wuri ɗaya. Ko sau ɗaya ban matsar da shi ba.

Bikin a wani ƙauye ne gab da iyakar Benin. Ango da abokansa 'yan babur ne masu kai fetur ƙetare a jarka, sana'ar da ba a tambayar mutum ita a gaban jama'a. Bayan la'asar fili ya cika, dangin amarya sun ƙetaro, ana Dendi ana Fulatanci ana Hausa. Na saki kiɗa, ƙwarya ta amsa, mata suka miƙe. Hajiya Kulu ta waiwayo ta yi mini murmushi. Har sefa, kuɗin ƙetare, aka liƙa mini a goshi, na fara tunanin irin rigar da zan ɗinka.

Sai ta ɗaga murya za ta wasa ango. Ni ma na matsar da hannu don in bi ta.

Ƙwarya ta koma kare. Ba haushi ɗaya ba, haushi ne a kan ƙa'ida, daidai inda ƙwarya take faɗuwa. Yara suka bushe da dariya. Cikin ruɗewa, maimakon in koma inda na fito, sai na ƙara matsawa gaba, kuma a gaban kare jiniya ce. Ta tashi ta manyan lasifikoki har ta fi ta gaske ƙarfi.

Ban taɓa ganin fili ya watse haka ba. Abokan ango suka hau babura, wasu ko tayarwa ba su tsaya yi ba, turawa suke da gudu. Wata dattijuwa ta zauna daram a kan jarka ta baza zani ta rufe ta. Ango kuwa, da babbar rigarsa da sabuwar hularsa, ya haye danga ya faɗa gonar shinkafa. Ni kuma na daskare, yatsuna na kan maɓallan, jiniya na ta yi. Sai da mai janareta ya kashe wuta aka sami shiru.

Hajiya Kulu ta ajiye makirfo ta dube ni, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haihe ka ba ni ka waƙa. Ban taɓa korar ango ba sai yau da niɗ ɗauko ka."

Na so ƙasa ta tsage. Da ango ya dawo, taɓo har gwiwa, bai zage ni ba, ya dai tsaya ya kalle ni ya kalli fiyanon, ya wuce. Na fi son a ce ya mare ni.

Aikin dai ya tafi, wani yaro daga Bahindi ta ɗauka. Gyaran kuwa bai kai shan shayi ba: na rage wata ganga, na mayar da ƙwarya layinta. Sitayil ɗin yanzu lafiyayye ne, sai dai ba wanda ke tambayarsa. Kwanan baya wani dattijo ya zo ɗaukata bikin 'yarsa, ya matso ya rage murya ya ce, "Ka taho da wanga na jiniya. In abinci ya ƙare, ni ka yi ma alama."

Na ce masa na goge shi. (Ban goge ba, tsohon yana nan a ajiye.)

Abin da na koya, a taƙaice, shi ne duk abin da ka gina kana dafe da wuri ɗaya, ka matsa ka ji yadda zai yi tun kana kai kaɗai a shago. In ba haka ba, a gaban surukan wani za ka ji.