Rasuwar Dogo, Firij Mai Ƙofa Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ma ya samu wurin zama a cikinta, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan aikina rasuwar Dogo, firij mai ƙofa biyu. Ya cika ranar Talata da hantsi a barandar gidana, bayan gajeriyar jinya a hannuna da wata doguwa da aka ɓoye mini. Ya yi shekara goma sha tara a bakin aiki. Kwana tara kacal ya yi yana nawa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce mai girki a gidan abincin nan na kusa da tashar mota, wadda kowa ke kira Inna. Na riga marigayi shiga wurin da shekara uku. A gabana aka shigo da shi cikin kwali, maza shida na nishi, sai da aka cire ƙyauren kicin kafin ya wuce. Inda aka ajiye shi ran nan, tsakanin wurin wanke-wanke da ƙofar sito, nan ya tsaya har ranar da aka fitar da mu tare.

Marigayi mai riƙon amana ne. Naman da ka ba shi ran Litinin, shi zai miƙo maka ran Alhamis, ba wari ba sauyin launi. Bai taɓa neman hutu ba. Bai taɓa kai ƙarar kowa wurin Maigida, mai gidan abincin, ba, ko da yake ya san wanda ke shan madara a tsaye da wanda ke ɓoye cinyar kaza a bayan kwandon tumatir. Ba shi da yawan magana. Iyakarsa "hummm" a hankali, in ya gaji ya ce "ƙas" ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya girgiza kafaɗa ya ci gaba. In aka ɗauke wuta, yakan riƙe sanyinsa awa takwas bai bari kayan mutane sun lalace ba.

Akwai lotsawa a ƙasan ƙofarsa ta dama. Ƙuguna ne ya yi ta, don shekara da shekaru da shi nake rufe ƙofar in hannuwana na ɗauke da kaya. Bai riƙe ni a zuci ba. In zafin murhu ya ishe ni, nakan buɗe shi in tsaya kamar mai neman wani abu, ya hura mini iska a fuska. Ranar da aka kira ni a waya aka ce mahaifiyata ta rasu, tsakiyar cinikin rana ne, tebura cike da mutane. A bayan ƙofarsa na ɓuya na yi kukana na minti biyar, na share fuska na koma kan tukunya. Shi kaɗai ya gani.

Farkon watan jiya Maigida ya tara mu ya ce za a rufe wurin a yi gyara. Ɗansa ya dawo daga karatu da zane a cikin waya: bango na gilashi, fitilu masu rataye, injuna sababbi masu aiki da dannawa ɗaya. Ba a ce mana za a dawo da mu ba, mu ma ba mu tambaya ba, don mun ga zanen, kuma babu mai furfura a cikinsa.

Bayan kwana biyu dillalin tsofaffin kaya ya zo da alli a hannu. Yana bin kicin yana shata alama a jikin duk abin da ya yi masa. Ya shata wa murhu, ya shata wa injin niƙa nama, har kwandon shara na ƙarfe bai bari ba. Da ya iso gaban Dogo sai ya tsaya. Ya kara kunne a jikinsa, ya zagaya ya dafa bayansa da tafin hannu, ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da allin aljihu, ya ja Maigida gefe suka yi ƙus-ƙus. Ina yankan albasa ina kallonsu. Wallahi na ɗauka ciniki ne bai daidaita ba, har na ji daɗi a raina cewa Maigida ya ƙi sakin Dogo da araha.

Ranar rufewa aka ba kowa ambulan ɗin sallamarsa. Ni ba a ba ni ba. Maimakon haka Maigida ya miƙe gaban kowa, ya dafa ƙofar Dogo, ya yi gyaran murya.

"Inna ta wuce ambulan," in ji shi. "Shekara ashirin da biyu ba wasa ba ne. Na hana dillali wannan firij saboda ita. Ki je da shi, ki kafa sana'arki, ki huta da wuta."

Aka yi tafi. Mai wanke-wanke ta rungume ni. Ni kuma, da girmana, na durƙusa a kan tayil ɗin da na goge sau dubu, ina cewa, "Na gode, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara arziki." Har hawaye na yi. Wannan durƙuson shi ne abin da ya fi ci mini rai yanzu, ya fi mutuwar kanta.

Mijina ya nemo mota da 'yan dako. A tsaye aka kawo shi, an ɗaure shi da igiya, ina zaune a baya ina riƙe da shi duk ramin da muka faɗa. Muka bar shi ya huta yini guda kafin mu jona shi, yadda ya kamata. 'Yata ta rubuta a jikin kwali da babban baƙi cewa ana sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara, ta rataye a ƙofar gida. Muka cika shi da lemo da ruwan leda. Kwana uku na farko na sayar da abin da ya sa na fara tunanin sayen benci.

Ran na huɗu muryarsa ta sauya. "Hummm" ɗin ya koma "gir-gir-gir", kamar mai tari a ƙirji. Ran na shida bayansa ya yi zafin da ba a iya dafawa, lemon sama ya daina sanyi. Na kwashe rabin kayan don in rage masa nauyi, na kunna masa fanka, na shafe shi da tsumma mai ruwa. Ran na tara ina shara na ji ya ce "ƙas". Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jiran ya girgiza kafaɗa. Bai girgiza ba.

Mai gyaran da na kira shi ne dai wanda ke duba shi tun a gidan abinci. Ko jakar kayan aikinsa bai buɗe ba. Ya dubi Dogo, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Inna, wa ya ba ki wannan?"

Na gaya masa.

"Wata biyu ke nan da na ce wa Maigida kwamfiresa ta gama. Ita ce zuciyarsa. Na ce masa in ya kai wata uku, an yi sa'a. Sabuwa kuwa ta fi firij ɗin tsada, irinta ma an daina kawowa."

Washegari na shirya na tafi. An kewaye gidan abincin da kwano, leburori na fasa tayil, kicin ɗina ya zama tarin ɓaraguzai. Na sami Maigida a inuwa, zaune a kujerar roba yana kallon aiki. Na gaishe shi yadda na saba, na ce Dogo ya mutu, na kuma faɗa masa abin da mai gyara ya ce. Bai musa ba. Ya kaɗa makullin motarsa a yatsa, ya ce:

"Ayya. To ai da ransa na ba ki shi, Inna."

Daga nan ya kira wani lebura yana yi masa faɗa a kan buhun siminti. Na tsaya kaɗan ko akwai saura. Babu.

Marigayi ya bar murhu mai baki shida, wanda yanzu ke wani otal a bayan kasuwa, da injin niƙa nama, da sikeli, da kujeru arba'in da aka raba su gida uku, da manyan tukwane bakwai da har yau ke jere a gaban shagon dillali, rana na dukansu. Dukansu sun samu wanda ya ga darajarsu ya biya. Ya kuma bar ni, da kiret shida na lemo mai ɗumi, da kwalin da 'yata ta cire daga ƙofa.

Ban riƙe Dogo da komai ba. Ya zo gidana da ciwon ajali a ƙirji, ya kuma yi mini kwana tara da iyakar ƙarfinsa. A cikin duk waɗanda na yi wa aiki ko na yi aiki da su a wurin nan, shi kaɗai ne ya ba ni duk abin da ke gare shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, lokacin da masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da amalanke. Sun ce za su farke bayansa su zare jan ƙarfen, sauran kuma su ɗora a sikeli. Na roƙe su su yi wannan aikin a wajen unguwa, ba a gabana ba. Na cire kantocinsa uku na ajiye, zan riƙa kife kwanuka a kai.

Ana karɓar gaisuwa a gidana, layi na biyu bayan famfo, daga bayan la'asar har kwana uku. Tsofaffin abokan aiki su zo da kujerunsu. An keɓe wa Maigida wuri a gaba, daidai inda marigayi ya tsaya, kuma ni da hannuna zan buɗe masa lemo. In ya ji shi da ɗumi, ya yi haƙuri ya shanye.