Garmahon Kaka da Man Gyaɗa

Ranar da na ci gwanjon wani ruɓaɓɓen garmaho a intanet, wallahi ji na yi duk Makoda ba kamata. Kakana ya daɗe yana ɓoyon faifai ɗaya a adakarsa, ba abin kunnawa. Na ce, "Alhaji, tara abokanka ranar Juma'a, harka ta zo hannun injiniya!"

Na kankare tsatsa shap-shap. Inji ya ƙi juyawa, sai na tuttula masa man gyaɗar Inna. Mai ai mai ne! Ya juya sumul, na ajiye shi a zaure kwana biyu.

Dattawa suka zauna kan tabarma, na murza hannun garmahon, kiɗa ya tashi. Sai ga cinnaku suna ɓulɓulowa daga akwatin garmahon, kai tsaye cikin wandunan dattawa. Mai unguwa ya miƙe yana tsalle, Malam Sule yana dukan cinya.

Kaka, da idonsa ya yi rauni, ya hau tafi: "Ja'iri, ka sa tsofaffi rawa!"

Har yau ba wanda ya gaya masa. Ni kuwa ko kasuwar Ɗambatta na shiga sai an ƙwala: "Injiniya Ƙuli-ƙuli, zo ka soya mana rediyo!"