Ranar da na raba gonakin ƙauyenmu

Da bakina na ce wa ƙungiyar manomanmu su bar min rabon taki, ai na karanta kwamfuta a Bici. Na haɗa manhajata da wata tsohuwa mai jera lambobi, na miƙa mata jerin girman gonaki ba tare da na ajiye kwafi ba. Ashe a kan abin da ka ba ta take rubutawa. Lambobi suka canza wuri, sunaye suka tsaya.

Ina karantowa a taro, Baba Sule mai 'yar gonar bayan gida ya tashi da eka goma.

Ya ce, "Malam, gonar wa ka ba ni?"

Allah ya so ni, sakataren ƙungiya bai yar da takardarsa ta asali ba. Har yau in na wuce sai a ce, "Dagaci, yaushe za a sake rabo?"