Ta-Alu Ta Karye a Wuyan Bijimi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama a naɗe da bandeji, ni Muhyiddeen, ɗan marigayi Malam Alu mahauci na Rurum Tsohon Gari, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wuƙar gidanmu, wadda aka fi sani da Ta-Alu. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a ƙofar gidan Baffa Hammadu, bayan shekara arba'in da ɗaya tana aiki.

Marigayiya ba ta taɓa komawa wuya sau biyu ba. A hannun mahaifina ja ɗaya take yi, jini ya yi tsartuwa har bangon zaure, kafin rago ya san abin da ake ciki an gama. Ta yanka ragunan layya, ta feɗe shanu, ta taɓa raba kan kububuwa biyu a gindin rumbu. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san muryarta bayan sallar asuba a kan dutsen washi: shii-shak, shii-shak.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da ta dawo hannuna. Ni malamin firamare ne, alli na iya riƙewa. Baffa Hammadu, aminin mahaifina, ya zaunar da ni har sau uku. "Ɗiga wa dutsen ruwa, ka kwantar da bakinta kaɗan, ka ja a hankali. In ka gama aiki ka wanke ta, ka goge, ka shafa mata man gyaɗa, sannan kube." Na ce to. Da na koma gida sai na tsayar da ita ina gurza kamar mai kankare ƙanzo, har bakin ya yi giɓi. Na bar ta kwana biyu da jini a jiki, tsatsa ta kama ta. Don kada Baffa ya gani, na hau babur zuwa Rano na miƙa ta ga wani mai walda. Injinsa ya cafke ta, tartsatsi na tashi, tana wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta fito tana sheƙi, bakin ya yi shuɗi, ta sirance kamar ganyen rake. Ni kuwa na ɗauka lafiya ce ta samu.

Ranar Asabar aka kayar da bijimin bikin Saudat, 'yar Baffa. Ya dube ni ya ce, "Gurbin ubanka ne, ɗana. Kai za ka yanka." Maza huɗu suka danne. Na yi bisimilla, na ja. Ta shiga rabi, sai ta ce ƙas! Guntun ya tsaga mini tafin hannu. Bijimin ya yunƙura, jini na feshi daga wuyansa, ya tsinke igiya, ya watsar da mazan, ya bi ta kan danga ya faɗa cikin mata. Ana kururuwa, tukunyar shinkafa ta kife a wuta. Baffa ne, da shekarunsa saba'in, ya rungume ƙahon, ya ƙarasa shi da wuƙar ƙugunsa. Haƙarƙarin Baffa biyu suka karye. Yana dafe da ƙirji ya tsinci guntun a cikin jini, ya goge a rigarsa, ya sa mini a aljihu.

Ta bar kube ɗaya, da dutsen washin da ya lotsa a tsakiya saboda ita, da 'yar wuƙar albasa ta matata Kulu, wadda yanzu ake ɓoye mini a ƙasan kwalla.

Za a kai gawar, gida biyu, maƙerar Malam Saminu a Kibiya ranar Laraba bayan azahar, inda za a sa ta a wuta a fitar da abin da ya saura, ko da basilla ce. Ana karɓar gaisuwa a zauren Baffa Hammadu, inda yake jinya, ni kuma nake durƙushe gabansa kullum bayan la'asar da tsohon lauje, ina koyon washi da hagu. Masu zuwa ta'aziyya su bar wuƙaƙensu a gida. Baffa ya ce sai na shekara kafin in taɓa ta wani.