Yadda Za Ka Yi Wa Manaja Inuwa a Siton da Bai Taɓa Shiga Ba

Kai ne mai haɗa wa ma'aikatan kamfaninku darussa a kwamfuta. Manaja ya ce ka goge Dogo, tsohon leburan da ya sallama, daga hoton darasin ɗaukar kaya, ka liƙa shi Manajan a gurbinsa. Shugabar kamfani za ta kalli darasin, shi kuma ya daɗe yana gaya mata a sito yake wuni. In hoton ya tona masa asiri, kai ma ka bi Dogo. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ko matarsa sai ta rantse ya je.

1. Yanko shi

Ɗauko hotonsa na taron ƙarshen shekara. Bi gefen jikinsa a hankali, musamman wajen tumbi. In ka rage da yawa mutane za su gane, in ka bar shi duka shi zai ji haushi. Cire masa kofin shayin.

2. Liƙa shi

Za ka ga yana shawagi a saman siminti kamar aljani. Kar ka tsorata, rashin inuwa ne. Haka kowa yake fitowa a wurin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

3. Nemo haske

Kar ka danna maɓallin inuwa na manhajar. Baƙi zai zagaye shi, ya koma kalandar bango. Ƙwararru kwafar mutum suke yi, su baƙanta kwafin, su kwantar da shi a ƙasa, su dusashe bakinsa, ya miƙe yana gudun haske. Hasken sito ta ƙofa yake shigowa. Kar ka tambayi Manaja ta ina ƙofar take. Cewa zai yi, "Kai dai yi aikinka."

4. Ko ka huta

Duba ƙasan hoton da kyau. Dogo ka goge, inuwarsa tana nan kwance. Ta gaske ce, rana ce ta yi ta, ba ƙwararren da zai kama ƙafarta. Jawo takalman Manaja ka ɗora daidai inda ta fara. Za ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji, don Dogo ne ya tsaya maka da haƙuri ranar da ka ɗauki hoton. Kunya ce. Sha ruwa, za ta wuce.

5. Kai masa ya duba

Nan ba fargaba. Ba a taɓa yin manajan da ya kalli ƙasan hotonsa ba. Zai ƙura wa fuskarsa ido ya ce, "Ɗan rage min ƙyallin goshin nan." Rage masa.

6. Ranar kallo

Zauna kusa da ƙofa. Hoton zai fito a babban allo: Manaja gajere, hannu a aljihu, inuwarsa kuwa doguwa, siririya, ta ranƙwafa da katon ɗin kaya a kafaɗa. Can baya wani lebura zai ce a hankali, "Sannu da aiki, Dogo."

Shugaba za ta gyara tabarau. "Manaja, wannan inuwar taka ce?"

"Tawa ce, ranki ya daɗe."

"Madalla. Gobe ina sito, sai ka ɗaga mana katon ɗin mu gani."

A nan kar ku haɗa ido da Manaja. Yi kamar kana neman wani abu a wayarka.

Gargaɗi

Ba ruwana da ciwon bayan Manaja, ba ruwana da takardar da zai miƙo maka jibi. Ni ma daga gida nake rubuta wannan. Mai ƙorafi ya kai wa inuwar Dogo, tana shafi na uku tana koya wa sababbin ma'aikata ɗaukar kaya. A cikinmu ita kaɗai ce ba a sallama ba.