Ranar da Surukina Ya Yi Hayata

Da kamfanin samo wa mutane aiki ya ɗauke ni aikin sa tayil a Gusau, ji na yi kamar an naɗa ni gwamna. Matata ta ce in kawo ta karanta takardar yarjejeniyar.

Na ce, "Ni da nake karanta zanen bene?" Na zuba sa hannu har da ado.

Ran nan ina tsugune a Bunguɗu, ina yi wa surukina falo kyauta, sai ga wakilin kamfanin da takardata. Ashe ko'ina na taɓa siminti, har Tsafe, sai an biya su la'ada!

Baba surukina ya biya, yana dariya har da hawaye.

Yanzu ko gaisuwa na je, sai ya riƙe tabarma ya ce, "Malam, kamfani ya yarda ka zauna?"