Rasuwar Mai Rabon Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya kusa fin baƙin cikin yawa, ni Sumayya Rufa'i, sakatariyar ƙungiyar manoman tattasai ta unguwarmu a nan Diffa, nake sanar da rasuwar manhajata, Mai Rabon Ruwa. Ta cika ranar Litinin da hantsi a cikin tsohuwar kwamfutar ofis, tana da shekara shida.

Marigayiya ce ke riƙe da jerin gonaki ɗari da goma sha huɗu da ke shan ruwan kogin Komadugu da injin ƙungiya guda ɗaya: wane Talata da safe, wane Alhamis bayan azahar. Ba ta da ɗan ɗaki, ba ta san surukin shugaba ba. In ta karɓi suna sai ta ce "tit", magana ta ƙare. A zamaninta ba a taɓa zare wa wani fartanya a bakin rariya ba.

Ciwon ajalinta da shi aka haife ta, kuma ƙanena Nasidi ne ya ɗora mata. Da ya rubuta ta da harshen kwamfuta na C, ya tanadar wa layin "ina gonarka take" gurbin harafi sittin kacal, sannan ya sa umarnin gets ya riƙa karɓar rubutu. Shi wannan umarni ba ya ƙirga abin da aka ba shi, zubawa kawai yake yi ko gurbi ya cika. Akwai fgets, wanda ake gaya wa iyaka ya tsaya. Nasidi ya san da shi sarai, ƙiwa ce ta hana shi. Yau kwana uku yana can Yamai yana kallon kirana yana kashewa.

Ranar Litinin Baba Ajimi ya zo rajista. Dattijo ne da tashin hankali ya koro daga ƙauyensu na bakin kogi, yana zaune garin Gagamari, bana aka yanka masa ɗan fili a cikinmu. Na tambaye shi inda gonarsa take, sai ya kama kwatanta mini waccan da ya baro: gabas da tsamiya biyu, inda kogi ya yi gwiwa, iyaka da ta yayansa da ba a san inda yake ba har yau. Na kasa katse shi. Yana faɗa ina bugawa, har na danna maɓallin shigarwa. Rubutun ya cika gurbinsa ya malala kan jerin da ke kusa da shi, ita kuma baiwar Allah, da biyayyarta, ta adana ɓarnar a kan jeri na gaskiya. Ta yi wani dogon "tiiiii" da ban taɓa ji ba, allo ya yi baƙi.

Ta rasu ta bar ni, da injin ban ruwa da bai san gonar da zai nufa ba, da tattasai mai fure alhali kogi na janyewa. Ta kuma bar manoma ɗari da goma sha huɗu, kowannensu ya rantse shi ne na Talata da safe.

Ga masu zuwa ta'aziyya, musamman ɗan ƙungiyarmu Alkali da 'yan rakiyarsa, da ke yawo suna cewa baƙo ne ya kashe ta don haka a cire shi daga rabon ruwa: ku ji kunya. Tsoho bai taɓa kwamfuta ba. Tambayarsa aka yi ya amsa. In laifi kuke nema, ga wanda ya rubuta, ga ni da na ƙi ajiye kwafi shekara shida saboda na yarda da ita fiye da kima. Ba na buƙatar gaisuwarku.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar a rumfar ofis. Ba shinkafa, ba goro. Kowa zai tashi ya faɗi ranarsa a gaban maƙwabtan gonarsa, a sake jerin da biro a littafi, kuma biron a hannuna yake. Baba Ajimi zan fara rubutawa, na ware masa shafi guda ya faɗi gonarsa har ƙarshe. Wanda bai yarda ba ya taho da bokitinsa, da shi zai shayar da tattasansa bana.